Kun Tambaya, Mun Amsa: Waɗanne Kifaye Ne Ke Zama Lafiya A Akwati Ɗaya?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu guda suke: mutum ya sayi akwatin gilashi, ya zuba kifayen ado iri-iri don falo ya yi kyau, sai kuma zaman ya koma na doya da manja. Mun zaɓi bakwai daga ciki.

Assalamu alaikum. Akwatina tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Na zuba golfish 4, gupi 6, anjel 2, da 'yan tarwada 2 da wani abokina mai gonar kifi ya ba ni. Cikin sati biyu gupin nan suka ɓace, babu gawa babu alama, golfish biyu kuma suka mutu. Ina na kuskure? (Wani mai karatu daga Hotoro)

Wa alaikumus salam. Malam, gupinka ba ɓata suka yi ba, suna cikin tarwada. Ka ba kura ajiyar nama. Tarwada da dare take farauta, da gashin bakinta take lalube, kuma duk abin da ya shige bakinta abinci ne. Irin ta gona ce, wadda ake kiwo ta kai kusan kilo guda cikin wata shida, don haka ko yau ta bar sauran kifayen, nan da wata biyu ba za ta bar su ba. Ka mayar wa abokinka kayansa.

Wannan ita ce ƙa'ida ta farko a harkar nan, kuma babu kifin da ya tsallake ta: ƙaramin da zai iya shiga bakin babba, wata rana zai shiga. Girman da za ka duba kuma ba wanda ka gani a shago ba ne. Kusan duk kifin da ake sayarwa yaro ne, sai ka tambayi inda zai tsaya in ya manyanta. Anjel ɗin nan da ka saya kamar kwabo, tsawonsa zai kai santimita 15, tsayinsa daga fiffiken sama zuwa na ƙasa ya kusa 20. Akwati mai tsayin 30 ya yi masa gajere, yana son aƙalla 45. In ya girma kuma shi ma yana kama 'ya'yan gupi da ƙananan tetra.

Mutuwar golfish kuwa daga wani wuri ta fito. Ka ninka tsawo da faɗi da tsayi, ka raba da 1000, za ka ga akwatinka lita 54 ne. Cire yashi da duwatsu da ɗan sararin da ake bari a sama, ruwan da ke ciki bai wuce lita 45 ba. Golfish kifi ne mai ci da kashi, guda ɗaya tal daga cikin masu kumburarren jiki yana son wajen lita 75, masu dogon jiki kuwa da ke kai santimita 30 na kududdufi ne, ba na falo ba. Ka tara huɗu a lita 45, a sabon ruwa, kashinsu ya zama amoniya, amoniya ta ƙone musu wurin numfashi. Ga shi kuma kifin ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 23, alhali gupi da anjel na ruwan ɗumi ne, 24 zuwa 28. Duk inda ka tsayar da zafin ruwan, wani a cikinsu yana shan wuya. Mu dai ba ma ba kowa shawarar haɗa golfish da kifin ruwan ɗumi, ko da an ga wani ya haɗa sun yi wata uku da rai. Golfish da aka kula da shi yana wuce shekara 10.

Abin da akwatinka zai ɗauka: gupi 6 da ƙananan koridoras 6, wato ɗan kifin nan mai gashin baki da ke zama a ƙasan akwati, shi ke nan. In ka haɗa maza da mata a gupin, kowane namiji mata biyu ko uku, in ba haka ba za su bi mace ɗaya har ta galabaita. Ka kuma sani macen tana haihuwa kusan duk sati huɗu, 'ya'ya 20 zuwa 40 a ciki ɗaya. Wanda ba shi da inda zai kai su ya sayi maza zalla, dama su ne masu launin.

Ina so in sa babban akwati a falo, tsawo santimita 90, faɗi 40, tsayi 45. Ku ba ni jerin kifayen da za su zauna lafiya, da yadda zan fara. (Wata Hajiya daga Gyaɗi-Gyaɗi)

Hajiya, kin kyauta da kika tambaya kafin ki saya. Lita 162 ke nan, kuma da gilashi da yashi da duwatsu nauyin zai doshi kilo 200, saboda haka teburin talabijin ba zai ɗauka ba. A yi masa ƙafa ta ƙarfe ko katako mai kauri, a shimfiɗa farin soso a ƙarƙashin gilashin, a tabbatar bai karkata ba. A nisanta shi da taga, domin rana tana dafa ruwan tana kuma mayar da shi kore.

Ki ɗauki akwatin kamar gidan bene mai hawa uku. Akwai kifin da rayuwarsa a sama take, akwai na tsakiya, akwai na ƙasa. In kowa yana hawansa, rikici yana raguwa, kuma ido yana samun abin kallo a ko'ina. A sama ki sa gurami mai ɗigo-ɗigon lu'ulu'u, namiji ɗaya mace ɗaya ko biyu. Yana kai santimita 12, ba shi da fitina, kuma yana iya haɗiyar iska daga saman ruwa, abin da ke taimakonsa a zafin Kano. Maza biyu na gurami a akwati ɗaya faɗa ne. A tsakiya ki sa garken rasbora 10 masu baƙin tabo a gefe, da filati 6. A ƙasa koridoras 6 iri ɗaya, da fileko mai gashin hanci guda ɗaya.

A nan sai an yi hattara. Fileko iri biyu ake yawan gani. Mai gashin hanci yana tsayawa a santimita 12 zuwa 13. Gama-garin kuwa, wanda ake ce wa mutane wai shi ne mai share gilashi, yana wuce santimita 30, yana tumɓuke shuke-shuke, kashinsa kuma ya fi abin da yake sharewa yawa. Suna kama da juna in suna ƙanana. In mai shago ya kasa faɗa miki wanne ne, ki bar shi.

Kifin garke kamar rasbora, tetra, bab, daniyo da koridoras ba a sayen biyu-biyu. Ƙasa da 6 tsoro ke kama su, su ɓuya bayan filta, wato na'urar tace ruwa, launinsu ya dushe, ciwo ya same su da wuri. Gara iri uku masu yawa da iri goma 'yan ƙwaya biyu-biyu. Koridoras kuma yashi mai laushi yake so, domin da gashin baki yake tono, tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin. Yashin rafi ya isa, a wanke shi a bokiti har ruwan ya fito garau, ba sabulu.

Sai maganar farawa, wadda yawancin mutane ke tsallakewa. Sabon akwati ba shi da ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye dattin kifi. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wani irin bakteriya ya mayar da ita naitarait, wani kuma ya mayar da naitarait ta zama naitaret. Biyun farko guba ne, ta ukun ce mai sauƙi, ita ce ake ragewa da canjin ruwa. Bakteriyar nan a cikin soson filta suke zama, kuma suna ɗaukar sati 4 zuwa 6 kafin su yi yawa. Ki cika ruwa, ki kunna filta, ki riƙa jefa ɗan tsunkulin abincin kifi kowace rana ba tare da kifi ba. Ki sayi kayan gwajin ruwa irin na ɗiga magani a 'yar kwalba. Ranar da amoniya ta nuna 0, naitarait 0, naitaret ta bayyana, ranar ce akwati ya nuna. In kin san wani mai tsohon akwati mai lafiya, ki roƙi yanki daga soson filtarsa, zai rage miki kwanakin sosai.

Kada a zuba su duka rana ɗaya. Filati a farko, bayan sati biyu rasbora, bayan wasu sati biyu koridoras da fileko, gurami a ƙarshe. Dalilin barin mai ƙarfi ya zo ƙarshe shi ne, in ya riga kowa shiga, sai ya ɗauki akwatin duka gidansa ne, kowa ya zo baƙo ne.

Kuma akwai kifin ado ɗan ƙasarmu da ya kamata a sani: kiribensis, wanda asalinsa daga ƙoramun kudancin Najeriya ne wajen Neja Delta. Macen tana da jan ciki mai kyau. Namiji ɗaya da mace ɗaya suna zama a irin akwatinki in aka kifa musu 'yar tukunyar ƙasa da aka fasa wa ƙofa. Amma in suka yi ƙwai, duk mai zama a ƙasa ya shiga uku, saboda haka ki zaɓa: ko su, ko koridoras.

Beta ɗina da anjel duk wutsiyarsu ta yage kamar tsumma. Akwai taiga bab 3 a ciki. Ciwo ne? (Ɗalibi daga Kabuga)

Ɗan'uwa, zauna gaban akwatin minti goma ba tare da motsi ba, za ka ga ciwon da idonka yana iyo da ratsin baƙi huɗu. Taiga bab mai tsinken fiffike ne, kuma in sun yi kaɗan fitinarsu ta fi yawa, don babu isassun 'yan'uwan da za su riƙa kora. Ana ajiye su 8 zuwa sama, tare da masu gajeren fiffike da saurin gudu irin daniyo. Ba a haɗa su da beta, anjel, gurami ko gupi mai dogon wutsiya. Ka raba su yau, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu, wutsiyar za ta tofo cikin 'yan makonni. In ka ga bakin yagar ya yi fari ko ja yana ci gaba da cinyewa, to ruɓa ta shiga, sai magani. Beta kuma namiji ɗaya ake sawa a akwati, kuma kada a haɗa shi da gupi maza, yana ɗaukarsu kishiyoyi.

Duk shekara in bazara ta shigo neyon tetra ɗina sai su ƙare, sauran kuma su taru a sama suna haki, musamman in an ɗauke wuta. Me zan yi? (Wani magidanci daga Rijiyar Zaki)

Malam, wannan tambayar ta fi kowacce muhimmanci ga mai kifi a Kano. Littattafan kiwon kifin ado yawanci mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su, damuwarsu yadda za a ɗumama ruwa. Mu a nan daga Maris zuwa Mayu zafin waje yana haura digiri 40, ruwan akwati a ɗakin da ba na'urar sanyi yana iya wuce 32. Neyon tetra ɗan ƙoramun dajin Amazon ne masu inuwa, jin daɗinsa 20 zuwa 26. Ba zai jure ba, ko me aka yi masa. In ba ka da ɗaki mai sanyi, ka haƙura da shi. Ɗan'uwansa kadinal tetra, mai jan da ya bi jikinsa tun daga kai har wutsiya, ya fi shi jure ɗumi har wajen 29, sai dai ya fi tsada kuma yana son ruwa mai laushi, wato wanda ba shi da ma'adinai da yawa. Gurami, beta, moli da gupi sun fi dacewa da mu. A cikin koridoras, nau'in sitabai mai ɗigon fari a kai shi ne mai jure ɗumi. Ke nan zaɓen abokan zama ba halinsu kaɗai ake dubawa ba, har da ko za su iya tsallake watan Afrilu tare.

Hakin da kake gani ƙarancin iska ne. Ruwa mai digiri 25 yana riƙe iskar shaƙa kusan miligiram 8.3 a lita, a digiri 35 bai kai 7 ba, alhali zafi yana sa jikin kifi ya ƙara buƙatarta. In wuta ta tafi, filta ta tsaya, saman ruwa ya kwanta, sai abin ya haɗu goma da ashirin. Babban kifi ne ke fara mutuwa, da akwatin da aka cika maƙil. Shi ya sa muke cewa a Kano a ajiye kashi biyu cikin uku na adadin da lissafi ya nuna akwati zai ɗauka.

Ka samu ƙaramin injin iska mai batir, ko wanda ake jonawa a fawa bank ɗin waya, ka haɗa shi da filtar soso. Abu ɗaya ya yi aiki biyu: yana motsa ruwa, yana kuma raya bakteriyar da ke cikin soson, waɗanda su ma iska suke shaƙa. Filtar da ke rufe a gwangwani, in ta yi awanni a kashe, ruwan cikinta yana ruɓewa. Kafin ka sake kunna ta ka zubar da wannan ruwan, kada ta turo shi cikin akwati.

Don rage zafi, buɗe murfin ka sa raga a maimakonsa saboda masu tsalle, ka kashe fitila da rana, ka saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Busasshiyar iskarmu tana sa wannan dabarar ta yi aiki sosai, tana iya sauke digiri 2 zuwa 3. Ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri, ka riƙa cikawa, amma cikawa ba canji ba ce, domin gishirin ruwan da datti suna nan ba su tashi ba. In abin ya tsananta, ka jefa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe ta yi iyo, kana kallon ma'aunin zafi, kada ya faɗi fiye da digiri 2 a tashi ɗaya. Ka rage abinci zuwa sau ɗaya a rana. Ranar da babu wuta tun safe, kada ka ba su komai, kifi mai lafiya yana kwana uku bai ci ba ba abin da zai same shi.

Wane ruwa ya fi: na famfo, na burtsatse, ko na leda? Kuma zan iya haɗa sikilid ɗin Malawi masu shuɗi da rawaya da tetra? (Daga Sharaɗa)

Ruwan famfo yana da kulorin, wanda ke kashe kifi da bakteriyar filta. A ɗiga masa maganin cire kulorin bisa awon da ke jikin kwalbar kafin ya shiga akwati. Na burtsatse ba shi da kulorin amma yana fitowa da ƙarancin iska, a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti da dutsen iska a ciki, wato ɗan dutsen da ake jonawa da injin iska yana fitar da kumfa, sannan a gwada shi, domin na wata unguwa ba ɗaya yake da na wata ba. Wanda 'yan ga-ruwa ke kawowa ka tambayi inda ake ɗebo shi, ka kuma tsaya a wuri ɗaya. Na leda asarar kuɗi ne. Kifi ya fi son ruwan da bai canza hali ba a kan ruwan da ake ta gyara shi da magunguna. Duk sati a canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, a wanke soson filta a cikin ruwan da aka cire, ba a bakin famfo ba.

Haɗin da ka ambata kuwa ba ya yiwuwa. Sikilid ɗin Tafkin Malawi ruwa mai tauri suke so, wato mai yawan ma'adinai, awon pH (ma'aunin tsamin ruwa) 7.8 zuwa 8.6, tetra kuma 6 zuwa 7. Ko da ruwan ya yi daidai, masu kare yanki ne, za su kashe tetra cikin kwanaki. Akwatinsu daban, mai tsawon santimita 120, cike da duwatsu. In gwaji ya nuna ruwan gidanka mai tauri ne, moli, filati da gupi su ne naka.

Na ƙaro kifi uku cikin hunturu, bayan kwana biyar duk akwatin ya fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, suna goga jiki da dutse. (Wata malamar makaranta daga Gwale)

Malama, ciwon farin ɗigo ne, ƙwayar cuta ce da sababbin suka shigo da ita, sanyi kuma ya buɗe mata ƙofa. A Disamba da Janairu daren Kano yana sauka ƙasa da digiri 15, ruwan ƙaramin akwati ya bi shi, da rana ya sake hawa. Wannan hawa da saukar ke karya garkuwar kifi. A sa hita mai saita kanta, wato na'urar ɗumama ruwa, kusan wat 1 ga kowace lita, a tsayar da ita a 26. In ba wuta da dare, a lulluɓe akwatin da bargo.

Yanzu ki ɗaga zafin a hankali zuwa 28 ko 29, ki ƙara iska, ki cire gawayin filta don yana shanye magani, ki sa maganin farin ɗigo. Ɗigon da ke jikin kifi magani ba ya taɓa shi, sai ya faɗo ya fashe 'ya'yansa sun fito iyo, saboda haka a ci gaba har kwana 10 zuwa 14 ko da ɗigon ya ɓace. In akwai koridoras ko fileko a sa rabin awo, kuma kada a zuba gishiri da yawa, ba sa jurewa. Nan gaba sabon kifi ya yi sati uku a wata roba mai lita 20 da filtar soso kafin ya shiga cikin jama'a. Ranar sa shi, ledar ta yi iyo minti 20, a riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan-kaɗan, a ɗebe shi da raga, ruwan shago kuma a zubar.

Kifayena sun yi shekara lafiya, na wayi gari duk sun mutu dare ɗaya, manya da ƙanana. Ban ƙara komai ba. (Daga Kurna)

Allah ya mayar da alheri. Faɗa da ciwo ɗaya bayan ɗaya suke ɗauka. Abin da ke share akwati dare ɗaya ko iska ce ta yanke, ko guba. Ka tambayi mutanen gida ko an fesa maganin sauro ko an yayyafa fiya-fiya a falon a daren. Kifi ba ya jure ko kaɗan daga cikinsu, kuma injin iska da kansa ke zuƙo shi ya tura cikin ruwa. Kafin a fesa, a kashe injin, a rufe akwatin ruf da leda da jiƙaƙƙen tawul, kada a kunna sai an buɗe tagogi warin ya fita. Bokitin akwati da ragarsa su zama nasa shi kaɗai, ba wanda ake wanki da shi ba, kuma hannun da aka shafa wa mai ko turare a wanke shi da ruwa zalla kafin a tsoma. Kafin ka sake zuba kifi, ka zubar da ruwan duka da soson filtar, ka wanke yashi da gilashi, ka sake fara kwanakin nan na sati 4 zuwa 6 daga farko.